Kyanwa Mai Tauna Kaya: Bulala Ba Magani Ba Ce

Muna godiya ga Edita da ya ba mu wannan fili, ko da yake mun san akwai waɗanda da ganin kan maganar nan za su taɓe baki su ce, ashe duk wahalolin da ke addabar ɗalibi, daga tsadar abinci zuwa rashin ruwa da wuta, ba a ga abin rubutu ba sai kyanwa? To, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sa'an nan a yanke mana hukunci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani al'amari ne da ya faru a kan idonmu cikin zangon karatun da ya wuce, a gidan hayar da muke zaune a bayan makaranta. Wani maƙwabcinmu ɗan ajin ƙarshe ya samo 'yar kyanwa wadda ba ta fi wata guda da haihuwa ba, domin ɓeraye sun hana shi sakat. Bayan kamar wata uku, ana saura mako biyu ya miƙa kundin bincikensa, sai ya dawo daga laburare da dare ya tarar ta datse igiyar cajar kwamfutarsa gida uku. Ya zare bel ya yi ta tsula mata har ta shige ƙarƙashin gado. Kwana biyu da yin haka ta huda masa rigar sanyi ta ulu. Washegari ya jefa ta a buhu, ya hau acaɓa, ya kai ta can bayan gari ya yar. Kafin wata ya ƙare ɓeraye suka dawo, suka fasa masa ledar garin kwaki, suka kuma gaigaye gefen takardar shaidarsa ta sakandare a cikin akwati. Mu kuwa da muka tsaya muna kallo ba mu ce uffan ba, muna da namu kason na alhakin, kuma shi ne muke neman saukewa da wannan rubutu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, kyanwa ba ta tauna kaya don mugunta ko don ramuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilin da ke sa ta, dalilin nan kuwa sau da yawa mu ne muka jawo shi, saboda haka maganin abin yana ga gyaran ɗakinmu da gyaran riƙon da muke yi mata. Duka ba ya tsinana kome sai ƙara ɓarna.

Da farko ya kamata mu tuna abin da ya haɗa mu da wannan dabba. Masana sun tabbatar kyanwar gida jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane tun lokacin da suka fara tara hatsi, ɓeraye suka bi hatsin, ita kuma ta bi ɓerayen. A shekarar 2004 masu binciken kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da shi. A wurinmu ma aikinta bai ƙare ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ajiye kyanwa cikin dabarun nesanta ɓeraye daga gida. Ɗalibin da ke dafa abinci a ɗakin da yake kwana, buhun shinkafarsa na ƙarƙashin gado, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Wani zai ce, ai kakanninmu sun zauna da kyanwoyi shekara da shekaru, ba mu taɓa jin sun koka da tauna kaya ba. Gaskiya ne. Amma a dubi irin zaman da kyanwar ƙauye ke yi. Tana da tsakar gida, da rumbu, da katanga, da bishiya. Da asuba tana farauta, da magariba tana farauta, da rana ta miƙe a inuwa ta yi barcinta. Kyanwar da ke ci da kanta takan ci ƙananan ɓeraye wajen goma a yini guda, kowane kuwa sai ta yi fako, ta yi tsalle, ta tauna fata da jijiya da ƙashi. Tamu fa? Mun kulle ta a ɗaki ɗaya tun ƙarfe bakwai na safe, ba mu dawowa sai bayan isha'i, ba abin da ke motsi a gabanta sai igiyar caja tana lilo daga kan tebur kamar wutsiyar ƙadangare. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Dalili na farko da ke sa tauna shi ne famfara. 'Yar kyanwa tana da haƙora 26 na ƙuruciya, waɗanda ke fara zubewa tana da wata uku zuwa huɗu, kafin ta kai wata shida ko bakwai kuma haƙora 30 na girma sun gama fitowa. A tsakanin nan dasashinta na yi mata ƙaiƙayi, tana neman abin da za ta gasa wa haƙori, daidai da jaririn da ke kai kome baki. Kyanwar maƙwabcinmu tana cikin wannan hali ne sa'ad da ta datse igiyar. Daɗin daɗawa, haƙoranta na gefe ba na niƙa ba ne irin na akuya, na yanka ne kamar almakashi, shi ya sa cizo biyu ko uku ya isa ta raba siririyar waya. Wannan irin tauna takan wuce da kanta, muddin ba a bari ta zama ɗabi'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na biyu shi ne yaye da wuri. Mun saba karɓo 'yar kyanwa da zarar ta buɗe ido ta fara tafiya, wai don ta fi sabawa da mu. Wadda aka raba da nonon uwa ba lokaci ba takan ci gaba da neman abin tsotsa, sai ta sami bargo, ko safa, ko rigar sanyi, ta yi ta tsotsa tana taka shi da ƙafafun gaba kamar yadda take yi wa cikin uwarta. Daga tsotsa sai tauna, daga tauna sai haɗiya. A 2017 masana a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan kyanwoyi fiye da 5,700. Sun gano waɗanda aka yaye kafin mako takwas sun fi faɗa da cizo, waɗanda kuwa aka bari tare da uwa har mako goma sha huɗu ko fiye ba su cika kamuwa da irin waɗannan halaye na maimaita abu ɗaya ba ji ba gani ba. Akwai kuma gado a ciki, domin wani bincike da John Bradshaw da abokan aikinsa suka buga a Ingila a 1997 ya nuna cin tufafi ya fi yawa ga kyanwoyi 'yan asalin Siyam da Bama, watau Tailan da Myanmar na yau, kuma ulu ne abin da suka fi so. Wanda ke sha'awar sayen kyanwar ƙasar waje don ado ya san da wannan.

Dalili na uku mun riga mun taɓo shi, watau kaɗaici da rashin abin yi, sai mu ƙara da rashin kwanciyar hankali. Kyanwa dabba ce mai riƙo da wuri. Mu kuwa kowane hutu sai a miƙa ta ga wani, daga wannan ɗaki zuwa wancan, yau ga mai gadi, gobe ga mai shago. Kowane sauyin gida tashin hankali ne a gare ta, tsotsa da tauna kuwa suna daga cikin hanyoyin da take lallashin kanta da su.

Dalili na huɗu shi ne abinci da rashin lafiya. Kyanwa maciyar nama ce tsantsa, ba kamar kare ba. Akwai wani sinadari mai suna tawurin da jikinta ba ya iya yin isasshensa, dole ta same shi daga nama ko kifi. A 1975 aka gano rashinsa yana lalata mata ido har ta makance, a 1987 kuma masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna yana raunana mata zuciya. To, yaya lafiyar kyanwar da ke rayuwa a kan ragowar tuwo da burodi da taliya, alhali an kulle ta ba ta iya fita ta kamo na kanta? Bugu da ƙari, a 2005 masana a cibiyar Monell da ke Filadelfiya ta Amurka suka nuna harshen kyanwa ba ya jin zaƙi sam. Ke nan in ta bi leda tana tauna, ƙanshin maiƙo ne ko ƙarnin kifin da aka ƙunso a ciki ya ja ta. Haka kuma ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki da ƙuma kan jawo, yana sa kyanwa ta riƙa lasar siminti ko cin ƙasa, kamar yadda waɗansu masu juna biyu kan yi kwaɗayin farar ƙasa. Ciwon haƙori ma yakan sa ta gwaguyar abubuwa. Saboda haka babbar kyanwar da ba ta taɓa tauna kaya ba, in ta fara rana tsaka, wajen likitan dabbobi ya kamata a nufa da ita tun kafin a yi maganar horo.

Sau da yawa asarar kayanmu kaɗai muke gani, mu manta ita ce ke cikin hatsari mafi girma. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu fuskantar maƙogwaro, shi ya sa in zare ya shiga bakinta tofar da shi yana yi mata wuya, sai dai ta yi ta haɗiya. Wani lokaci bakin zaren yakan naɗe a ƙarƙashin harshe, sauran ya wuce hanji, hanjin ya yi ta ƙoƙarin tura shi har ya tattare kamar wandon da aka ja wa mazagi, daga nan zaren ya yanka shi. 'Yan'uwanmu masu ɗinkin hula da masu saƙa su kula da wannan ƙwarai, haka ma masu barin robar ɗaure gashi a ko'ina. In aka ga zare na leƙowa daga bakinta ko daga bayanta, kada a kuskura a ja, kada kuma a ɗura mata manja ko madara. Amai, da ƙin abinci, da lafewa wuri ɗaya alamu ne na a garzaya asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Wutar lantarki kuma fa? Igiyar cajar wayar hannu ƙarfin wutarta kaɗan ne, amma wadda ta fito daga bango zuwa fanka ko dutsen guga ko abin dafa ruwa tana ɗauke da kimanin bolt 230. Kyanwar da ta cije ta takan ƙone a baki, ruwa kuma yana iya taruwa a huhunta bayan sa'o'i, ko da ta tashi garau da farko. Wanda ya tarar da ita manne da waya ya fara kashe wutar kafin ya taɓa ta, in ba haka ba a sami gawa biyu. Wayar da aka feƙe kuwa, ta kwana kusa da katifa ko labule, gobara ce ke jiran ranarta, gobara kuma ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa maganar kyanwa ba ta shafe shi ba.

Me ya sa muka ce bulala ba magani ba ce? Domin kyanwa ba ta iya haɗa dukan da aka yi mata da dare da wayar da ta tauna da hantsi. Abin da take fahimta kawai shi ne, dawowar wannan mutum tana tare da azaba. In kuwa an kama ta a kai aka doke ta, darasin da za ta ɗauka shi ne kada ta yi a gabanka, sai ta jira ka fita. Tsoron da aka cusa mata kuma shi ne ainihin rashin kwanciyar hankalin da ke ƙara mata tauna. An yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Haka nan masu cewa wai aljanu ne da ita, musamman in baƙa ce, muna roƙonsu su tuna jami'a muka zo.

Akwai kuma masu shafa wa waya abubuwa don su kore ta. Mun ji ana shafa kananzir, da man zafi, da garin barkono, har da maganin ƙwari irin su piya-piya. Wannan kisa ne a fakaice, gama kyanwa da harshe take wanka, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta za shi. Hantarta ba ta iya sarrafa magunguna da yawa waɗanda mu muke sha lafiya lau. Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, saboda haka kilishi da tsire da ragowar miya ba abincinta ba ne. Akwai ruwan ɗaci da ake sayarwa musamman don fesa wa waya, amma ba kowace kyanwa yake hanawa ba, kuma ba kowane aljihu ke iya sayensa ba. Rufe waya ya fi shafa mata kome.

To, me za a yi? Rigakafi ya fi magani, kuma yawancinsa bai fi ƙarfin ɗalibi ba. A cire caja a jefa a aljihun tebur in za a fita. Wayar da ba ta ciruwa a samo tsohon tiyon ruwa, a tsaga shi a tsaye, a cusa ta ciki, ko a bi da ita jikin bango a bayan kabad. Kayan ulu da safa su shiga akwati, zare da allura su shiga gwangwani mai murfi, ledar da ta taɓa nama ko kifi ta bar ɗakin nan take. Takardu masu muhimmanci ba a barinsu a ƙasa, da kyanwa ko babu.

Sa'an nan a ba bakinta aikin da aka yarda da shi. Ƙundun kaza, ko zuciya, ko nama mai jijiya, a dafa ba gishiri ba albasa, a yanka dogo-dogo yadda sai ta sa haƙoran gefe, a haɗa mata da romon domin sinadarin nan yakan tsiyaye cikin ruwan dahuwa. Dafaffen ƙashin kaza da ƙayar kifi kuwa a nesanta su da ita, don sukan tsage su soke ta. Tun da yake kyanwa takan so ɗanyar ciyawa, ana iya shuka mata 'yar alkama a gwangwani, cikin kamar mako guda ta tsiro. Amma kada a shuka dawa. Duk ɗan makiyayi a cikinmu ya san abin da gyauron dawa ke yi wa saniya, saboda gubar da ke cikin ɗanyen tsironta.

A kuma ba ƙafafunta aiki. Gashin kaza da aka ɗaure a bakin kara ya isa abin farauta. Minti goma da safe kafin a tafi aji, minti goma da magariba, a bar ta ta bi, ta yi tsalle, ta kama, sa'an nan a ba ta abinci, a ɓoye karan da igiyarsa. Kwali mai ƙofa, da wurin zama a bakin taga inda za ta riƙa kallon tsuntsaye, da 'yar gorar roba mai huji wadda aka zuba wa busasshen abinci don ta yi ta mirginawa, duk suna rage mata tsawon yini. In an kama ta da waya a baki, a ɗauke ta a hankali a miƙa mata nata abin taunar, in ta karɓa a shafa ta. Ba a kwana ɗaya ake ganin sauyi ba, sai an jure makonni. Wanda kuma zai karɓo sabuwa ya daure ya bar ta wajen uwarta har ta cika wata uku.

Mun san akwai wanda zai karanta duk wannan ya ce shi kam ba shi da lokaci, ba shi kuma da kuɗin ƙundu. Ba mu ga laifinsa ba, amma sai ya haƙura da kyanwa, ya sayi tarko, ya rufe abincinsa. Ba wanda aka tilasta wa ajiye dabba, kuma inda dokar makaranta ta hana ajiye ta a ɗakunan kwana, a bi doka. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya ɗauko rai don amfanin kansa, ya kulle, ya hana shi abin da halittarsa ke nema, ranar da ya yi ɓarna kuma ya yar da shi a daji. Kyanwar da ta tashi a ɗaki ba ta san hanyar neman abinci a jeji ba, yarwar nan hukuncin kisa ne da yunwa. Musulmin cikinmu sun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, sun kuma san babban sahabin nan Abu Huraira laƙabinsa daga 'yar kyanwa ya samo asali. Dokokin laifuffuka na ƙasar nan ma, na Arewa da na Kudu, sun sa azabtar da dabbar gida cikin laifi.

Daga ƙarshe muna da roƙo uku ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai. Na ɗaya, a nemi 'yan'uwanmu masu karatun likitancin dabbobi, tare da malamansu, su ware rana guda kowane zango don duba kyanwoyin ɗalibai, a ba su maganin tsutsa da rigakafin ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma takan kamu da shi. Na biyu, kafin kowane hutu a yi shela kada wanda ya tafi gida ya bar kyanwa a kulle. Ba mu manta yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas ba, kuma ba wanda ya san tsawonsa ranar da ya ja ƙofarsa. Na uku, a zaga a duba wayoyin da ke a feƙe a ɗakunanmu, a matsa a gyara, ko kyanwa ce ta feƙe su, ko ɓera, ko tsufa.

Shi dai maƙwabcin namu ya sayi sabuwar caja ya gama karatunsa lafiya. Kyanwar ce ba mu sake jin ɗuriyarta ba, ko da yake mun je wurin har sau biyu muna dubawa. Allah Ya yafe mana, Ya sa mu fi haka tausayi nan gaba.